Ranar Da Shanu Suka Ja Jar Motata

Ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin auren ƙanena Sani ba, kuma ko na so in manta, mutanen Bunkure ba za su bar ni ba. A tsakiyar shekarun tamanin ne, ina malamin gona a aikin noman rani na yankin Kura. Ina da ɗan albashi, ba ni da mata, ba ni kuma da mai ce mini bari.

Da wani Baturen injiniya da ya yi aikin kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani, ya tashi komawa ƙasarsu, sai na sayi motarsa. Ja ce, mai ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Tana da abin da ake kira tabo, wani ƙarfe mai kama da katantanwa da ke hura wa inji iska, da ka taka totur sai ta yi fito ta ɓace. (Har yau ban san abin da mutumin da aikinsa zagaya gonakin alkama da tumatir zai yi da irin wannan mota ba. A lokacin ban tambayi kaina ba.)

Duk da haka ba ta ishe ni ba. Wani mai sayar da kayan mota a birni ya ce mini kwantak ya zama tsohon yayi. Kwantak su ne 'yan ƙarafan nan biyu da ke haɗuwa suna rabuwa, suna aika wa filogi wuta. Ya fito da wani baƙin akwati a rufe ruf, wayoyi na reto a jikinsa, ya ce wannan ake yayi a Turai, wutarsa ta fi ƙarfi, kuma ba ruwanka da kankarewa ko saiti. Bakanike ya ɗaura mini shi can ƙasa-ƙasa, nesa da zafin tabo. Gaskiya motar ta ƙara lafiya, tashi ɗaya take yi. Da na dawo Kura na tara abokai a bakin kanal, na ɗaga tsohon kwantak na nuna musu, na ce, “Ku yi masa kallon ƙarshe.” Sannan na wurga shi cikin ruwa da hannuna.

To, ga maganar aure. Mahaifin amarya, Alhaji Garba na Bunkure, mutum ne mai tsare gida da magana ɗaya, kuma da ƙyar ya amince da Sani. An ce ya taɓa faɗin cewa samarin gidanmu ba su da natsuwa (ba sai an gaya mini wanda yake nufi ba). Ya sa lokaci da hantsi, ya kuma aiko cewa in rana ta take bai ga wakilin ango ba, zai sallami jama'a, kowa ya kama gabansa. Wakilin ango kuwa Baffa Idi ne, ƙanen mahaifinmu, wanda ya riƙe mu tun rasuwar Baba. In babu shi babu mai karɓa wa Sani aure.

Baffa ya riga ya shirya bin sauran dattawa a a-kori-kura. Ni na hana. Na durƙusa na roƙe shi, na ce bai kamata wakilin gidanmu ya sauko daga bayan mota yana kaɗe riga ba. Ya dube ni ya ce, “In haka kake so, ɗana.” Abin da ban gaya masa ba shi ne, so nake Alhaji Garba ya ga wanda ya kira marar natsuwa ya faka a ƙofar gidansa.

Mu a yankin nan duk abin da ke da taya a bakin kanal ake wanke shi, daga keke har tarakta. Direbobi kan buɗe bonet su sheƙa wa inji ruwa, su goge kwantak da tsumma, su kama hanya. Haka na tashi na gani, haka na yi da sassafen ranar ɗaurin auren. Na ma fi su zubawa, don na yi niyyar buɗe bonet a wurin biki samari su ga akwatina yana ƙyalli. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa abin da aka rufe ruf, in ruwa ya sami hanyar shiga, ba shi da ta fita.

Sauran motoci suka wuce, na ce su je za mu riga su. Na ɗauki Baffa muka yanke ta gefen kanal. Mun yi nisa cikin gonakin alkama, inda babu kowa sai tsuntsaye, motar ta yi tari, ta sake yi, ta mutu. Na murɗa makulli har batir ya fara nishi. Na buɗe bonet na tsaya ina kallon baƙin akwatin, ruwa na ɗiga daga gindin wayoyinsa. Babu abin gogewa, babu abin kankarewa, ko wurin sa sukundireba babu.

Baffa ya leƙo ta taga ya ce, “Ina ɗan ƙarfen nan da direbobi ke gogewa?”

Na ce, “Na cire shi, Baffa.”

“Yana ina?”

Na nuna masa kanal. Ya ɗaga kai ya duba rana. A nan tsoro ya kama ni sosai, don na hango Sani a zaune cikin sabuwar rigarsa ana sallamar mutane saboda ni.

Allah ya kawo wani Bafulatani da ke zaune a rugar kusa, yana tafe da amalanken shanu cike da taki zai kai wata gona a bayan Bunkure. Na ce Baffa ya hau gaba kusa da shi, ni in tsaya da mota. Baffa ya gyara zama a kujerarsa ya ce, “A'a. Ka ce a motarka za ka kai ni. Ɗaure ta a baya.”

Haka muka shiga gari. Bijimai biyu a gaba, taki a tsakiya, ni a baya riƙe da sitiyari ina tuƙa motar da ke tafiyar shanu. Duk wanda muka wuce sai Baffa ya ɗaga masa hannu su gaisa a tsanake, har da tambayar iyali. Da muka karyo kwanar gidan, maroƙin da na riga na gaya wa ya yi wa motata kirari ya buɗe baki, ya duba da kyau, ya rufe. Sai wani tsoho ya fara dariya, ta bazu har cikin zaure. Rana ta kusa takewa, wasu ma sun fara neman takalmansu.

Alhaji Garba bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya dubi Baffa, ya ce, “Malam Idi, haka za mu fara?”

Baffa ya fito a hankali, ya kaɗe babbar rigarsa, ya ce, “A yi haƙuri, Alhaji, laifina ne. Ni na ce yaron nan ya bi da ni ta gefen ruwa in ga alkamata. Rigimar tsufa ce.”

Baffa ba shi da ko kunya ɗaya ta alkama a wannan hanyar, kuma ina jin Alhaji Garba ya sani. Amma sai ya ce a gyara tabarma. Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, aka raba goro. Ni ina can ƙarshen tabarma, kaina a ƙasa. Dariyar mutane ba ta yi mini ciwo kamar wannan maganar ba. Mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba ya yi ta a gaban liman don ya rufa mini asiri.

Daga baya na mayar wa motar kwantak, na ci gaba da hawanta, amma ban ƙara buɗe wa kowa bonet ba. Baffa bai taɓa tayar da zancen ba har ya koma ga Allah, sai dai duk shekara in an yi girbi yakan tambaye ni, fuskarsa ba alamar wasa, “Ɗana, yaya alkamata ta gefen ruwa?” Tun daga ranar, in zan sa wa abu sabon kaya, nakan ajiye tsohon a aljihun mota. In kuma dattijo ya ce zai bi a-kori-kura, ni nake riƙe masa takalmi ya hau.