Wasan da Na Cire wa Azzalumi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban jama'a a Birnin Gwari, lasifika a hannu, ina ƙoƙarin wanke mutanen da suka daɗe da zama ƙasa ba. Amma wataƙila gara in faro daga tushe, kada in shiga haƙƙin kowa (wannan halin nawa ne ya jawo komai).

Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa ban sami aiki ba, sai ni da wasu abokai muka yanke shawarar shirya wasan kwaikwayo a kan aikin tilas na zamanin Turawa. Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai. A jami'a mun karanta yadda baƙaƙen fata na ƙasashe masu nisa suka nemi 'yancinsu, amma ban taɓa jin an ambaci manoman ƙauyukanmu da aka riƙa ɗiba su yi dakon kayan Bature cikin daji ba. Na hau babur na je Randagi da Gayam na zauna da tsofaffi. Labarin da ya fi kama ni shi ne na wasu manoma da aka kwasa ana tsakiyar shuka. Da suka isa bakin wani rafi sai suka sauke kayan, suka ce gonakinsu za su koma. Dagaci ya sa 'yan doka suka yi musu bulala. Wani tsoho ya ce Gbagyi ne, wani ya ce Hausawa ne, wata tsohuwa a Gayam mai suna Mama Talatu ta ce gauraye suke, don mahaifinta yana ciki kuma ta ga tabon a bayansa.

Rubuta wasan bai ba ni wahala ba. Amma akwai hayar rumfa da lasifika da ɗinkin tufafi da abincin 'yan wasa, don haka muka shirya taron gidauniya, inda za mu nuna ɗan yanki na wasan. Ni aka tura gida-gida neman gudummawa, wai ina da fuskar mutunci.

Mai sayar da takin da na fara zuwa wurinsa ya yi alkawari, amma ya ba ni shawara in cire 'yan doka, tunda jami'an tsaro za mu roƙa su tsare mana taro. Na ga kamar da gaskiyarsa, na cire. Hedimastan da ya ara mana filin makaranta ya ce Turawa kan kawo tallafi jefi-jefi, ba daɗi a ji mun muzanta ɗan'uwansu. Sai na mayar da Baturen yana barci cikin tanti, ba a ganinsa. Abin mamaki, kusan duk gidan da na shiga sai an gaya mini kakansu yana cikin waɗanda suka sauke kaya, ni kuma in ƙara jarumi (ban san yadda ake ƙaryata kakan mutum a zaurensa ba).

Sai kawuna ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa Alhaji Tanko, dillalin hatsin da muka zaɓa babban mai ƙaddamarwa, jikan dagacin nan ne. A irin wannan taro ba mai faɗin gudummawarsa sai babban mai ƙaddamarwa ya buɗe, in ya yi fushi wasan ya mutu ke nan. Na cire dagaci, na bar kujerarsa kawai. Na gaya wa abokaina irin wannan salo ake yayi a jami'a, kuma har ni kaina na kusa yarda.

Ranar taro rumfa ta cika. Jarumai suka shigo da kwalaye a ka, sun yi yawa har suna taka juna. Suka sauke, suka fuskanci kujera suka yi mata jawabi mai zafi. Daga nan wani abokina ya fara buga katako biyu a bayan rumfa a matsayin ƙarar bulala, jarumai suka zube suna birgima. Wuri ya yi tsit. Na ɗauka abin ne ya ratsa zukata.

Mama Talatu ta ɗaga sandarta. "Ɗana, wa ke dukan su? Aljanu?"

Na karɓi lasifika. "To, Mama, a gaskiya wasu ne. Kuma mai yiwuwa su ma umarni aka ba su. Shi ma wanda ya ba da umarnin, ba mamaki ba a son ransa ba ne."

Wani daga baya ya ce to ashe manoman ne suka doki kansu. Dariya ta ɓarke, har jaruman da ke kwance kafaɗunsu na rawa.

Alhaji Tanko ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, bai ko nemi lasifika ba.

"Yaro, kakana ne ya sa aka yi bulalar nan, kuma ba wanda bai sani ba a rumfar nan. Na rufe shago na zo in ga wanda zai fito a matsayinsa, ka kawo mini kujera? Ko ƙarya na yi, Talatu?"

"Gaskiya ka faɗa, jikan mugu," in ji ta.

Suka yi dariya su biyun. Ashe haka suke tsokanar juna duk ranar kasuwa. Ya ce gudummawarsa tana aljihu har sai dagaci ya dawo da rawaninsa, ya koma ya zauna. Ba wanda ya faɗi gudummawarsa a bayansa. Aka sha lemo aka watse.

Da na je ba shi haƙuri, ya zaunar da ni ya yi ta ba ni labarin kakan, yadda yake magana ƙasa-ƙasa, da yadda bai sake bi ta rafin nan ba har ya rasu. Da na yi alkawarin dawo da dagaci, ya ba da abin da ya yi niyya, sauran suka biyo baya. Sai dai duk 'yan wasan suka ƙi fitowa a dagaci, kowa yana tsaron mutuncin kakansa jarumi, dole rawanin ya faɗo kaina. Bayan girbi muka yi wasan. A gwaji sai da aka yi ta tsawata mini, don in na ce a yi musu bulala nakan ƙara da "amma a hankali".

Har yanzu ina mamakin yadda mutanen nan suka zauna da tarihinsu suna cin kasuwa ɗaya, ni da na karanto shi a takarda na zo ina rufa musu asirin da suke hira da shi a bainar jama'a. Yanzu in zan kare wani daga jin kunya, nakan fara tambayarsa ko kunyar yake ji. Galibi sai in tarar ni kaɗai ke jin ta.