Ɗigon Jan Farcen Inna Ladi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ɗauki sifika biyu masu lafiya ƙalau na mayar wa mai shago ina zarginsa da cuta ba. Har yau in na bi ta layin masu kayan wuta na nan Tudun Wada, sai in ji ƙafata ta ƙara sauri da kanta.

Ni dai mayen sauti ne. Ba wanda ya koya min, bidiyoyin intanet ne malamaina, a kansu datata take ƙarewa. In ka kuskura ka tambaye ni wace sifika ce mai kyau, to ka nemi wurin zama (abokaina sun daina tambaya).

Kawu Garba wan mahaifiyata ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Yana da wani kaset da aka ɗauka ranar bikinsa da matarsa Inna Ladi, shekara arba'in da wani abu da suka wuce: mai kalangu na kiɗa, maroƙi na wasa ango, mata na guɗa. Rediyon kaset ɗinsa ta mutu tuntuni, don haka ni na aro wata na juye masa kiɗan a laftof. Sai dai Kawu kunnensa ya ɗan yi nauyi, muryar laftof kuwa kamar sauro ne a cikin gwangwani. Ya kara kunne, ya kara, ya ce, "Ni fa ƙara kawai nake ji."

Ana cikin haka sai ga Malam Iro, wanda ya yi wa Kawu abokin ango a wancan bikin, ya zo Zariya daga Yola inda yake zaune wurin ɗansa. Lahadi da asuba zai koma, kuma a shekarunsu ba wanda ya san yaushe za a sake haɗuwa. Kawu ya gayyace shi da wasu abokansu biyu, Asabar bayan la'asar, su zo su ji kaset ɗin tare. Ya kira ni ya ce, "Kai da ka san kan abin, ka samo mana wadda za ta yi magana. Sai an haɗa da amfilifaya ko? Irin ta masallaci?"

Wayyo, ya sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Na gyara zama. Na ce Kawu ai an wuce nan, yanzu akwai sifikar tebur mai amfilifayarta a cikinta. Guda biyu ne, ɗaya ita ce uwa, ita ake sa wa wuta, sai ta shayar da 'yar uwarta ta wata 'yar waya. Ka jona ta da kwamfuta, shi ke nan. Na yi bayani har shayinsa ya huce.

Ranar Juma'a na tafi shagon Oga Chidi, wani ɗan kasuwa Ibo haifaffen Zariya, wanda Hausarsa ta fi tawa daɗin ji. Na kusa awa biyu ina zaɓe. Na ƙi masu akwatin roba, don roba in bes, wato kaurin sauti, ya taso sai ta riƙa karkarwa kamar tsohuwar fanka. Na ƙi masu fitilu kala-kala (in ka ga sifika tana ƙyalli, ƙyallin ka saya ba sauti ba). Na ƙwanƙwasa kowace da ɗan yatsa, na ɗaga na ji nauyinta. A ƙarshe na ɗauki wata baƙa mai akwatin katako, madaidaiciya, da maɓallin murya a gaba yadda Kawu ba sai ya laluba baya ba. Oga Chidi ya ce, "Bari a gwada maka." Na ce ba sai an gwada ba, daga nauyinta na san abin da na ɗauka. Ka riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Asabar ana idar da azahar na isa gidan Kawu. Falo fes, fanka na juyawa, ƙwan lantarki a kunne, Inna Ladi na kicin tana suyar nama. Teburin laftof yana lungu, kusa da labule. Ina ganinsa na girgiza kai. Sifika ba a sa ta a lungu, bes yana taruwa ya cushe, komai ya koma gum-gum. Na ja teburin zuwa tsakiyar dogon bango, daidai gaban kujerar Kawu. Na bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu da bango. Na auna da igiyar guga yadda nisan da ke tsakanin sifikun biyu zai yi daidai da nisan kowace zuwa kan mai sauraro. Na ɗora su a kan tsofaffin littattafan Kawu don su zo daidai kunne, na ɗan karkato fuskarsu ciki. Wallahi aikin ya yi kyau, har hoto na ɗauka.

Inna Ladi ta leƙo da matsami a hannu.

"Can ka mayar da teburin? Ai wannan soket ɗin..."

"Inna, ki bar min wannan. Harkar sauti ce, tana da ƙa'idojinta."

Ta dube ni, ta dubi bangon. Ta ce, "To, Injiniya," ta koma wurin namanta.

Na jona fulogi, na danna maɓallin baya. Shiru. Ɗan koren hasken da ya kamata ya kama bai kama ba. Na kashe na kunna. Na zare waya na mayar. Na murza maɓallin murya har ƙarshe. Na hura fulogin da baki (ban san me hurawar take yi ba, amma kowa yana yi). Shiru.

Kawu yana zaune, ya riga ya sa farar shaddarsa da hular da ba ya sawa sai Juma'a. Ya ce, "Ko dai amfilifayar nan za a nema?"

Na ce, "Ba amfilifaya ba ce, Kawu. Jabu aka sayar min."

Ya shafa gwiwarsa. "To ba komai. In Allah bai nufa ba, sai mu yi hira kawai."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na duba agogo, uku saura. Na tattara sifikun a kwali, na rungumi laftof a matsayin shaida, na fita na tare keke.

Duk hanya ina tsara jawabi. Ina isa na dire kwalin a kan kantar Oga Chidi, a gaban kwastomomi uku da mai gyaran waya na shagon kusa.

"Oga, haka ake yi? Don ka ga ni yaro ne? Ni fa ba irin waɗanda ake ba wa matacciyar sifika ba ne. Na san kayan nan ciki da waje."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sannu da zuwa tukuna. Jiya na ce a gwada, ka ce nauyi ya ishe ka."

"Kar ka kawo min wannan. Jona ta ka gani."

Na haɗa ta da laftof da hannuna, na danna kiɗan, na harɗe hannu. Ya ɗauki fulogin ya cusa a soket ɗin da ke ƙarƙashin kanta.

Ka tuna na ƙure murya a gida? Ban rage ba.

Kalangu ya fashe kamar a cikin ƙirjina ake kaɗa shi. Maroƙi ya kwarma, "Garba angon Ladi, ango ka sha ƙamshi!" Guɗa ta biyo baya, ta ratsa layin gaba ɗaya. Wata mata da ke duba tocila ta saki tocilar. Masu acaɓan da ke bakin titi suka waiwayo, wani har da ɗaga hannu yana taka rawa a kan babur. Mai gyaran waya ya juyo ya ce, "Oga, wa aka ɗaura wa aure ba a gaya mana ba?"

Ni kuwa ina tsaye, hannuna a harɗe, na rasa yadda ake kwance shi.

(Amma tsakani da Allah, a cikin wannan kunyar ma wani ɓangare na zuciyata cewa yake: ji bes ɗin nan, ji yadda kalangu ya fito tsaf. Ban yi zaɓen banza ba.)

Oga Chidi ya rage muryar. Ya ce, "Gidan akwai wuta?"

"Akwai mana. Fanka na juyawa, ƙwai a kunne."

"Wutar layi ko sola?"

Na ce, "Ban duba ba."

"Ka gwada ko cajar waya a soket ɗin?"

Cajar waya. Tana cikin aljihuna tun safe. Mutumin da ya auna falo da igiyar guga bai gwada soket da caja ba.

Na ce, "Oga, ka yi haƙuri." Muryata ta koma irin ta laftof ɗin Kawu. Ya yi dariya, ya mayar min da su kwali da kansa, har da liƙe bakin. Ya ce, "Yi sauri. Ka gaida min angon Ladi."

Na tsaya na yi la'asar a hanya, na isa gida na tarar baƙi sun zauna, ga nama ga zoɓo. Malam Iro, wani siririn tsoho mai bakin tsiya, ya ce, "Wannan ne injiniyan? An ce ka tafi kama ɓarawo. Ina yake?"

Na ce, "Baba, an sasanta."

Inna Ladi ta shigo da faranti. Ta dai bi ta lungun da na ɗauke teburin, ta ɗage labule kamar mai gyara shi, ta bar shi a ɗage. Ga soket nan, da ɗigon jan farce a goshinsa. Ashe solar gidan ƙarama ce, fanka da ƙwai kawai take ɗauka, sai soket ɗaya a kowane ɗaki. Inna ta bi su ta ɗiga musu jan farcen jikarta don kar wani ya jona dutsen guga ya kashe batir. Sauran soket ɗin duk na wutar layi ne, wutar layi kuwa rabon unguwarsu da ita tun Laraba. Kowa a gidan ya san wannan. Abin da ta zo gaya min ke nan.

Ban ko tsaya neman doguwar waya ba. Na ja tebur na mayar lungu, lungun nan da na ce sifika ba ta zama. Na jona. Koren haske ya kama. Ban taɓa ganin kore mai kyau irin wannan ba.

Kiɗa ya tashi, a hankali wannan karon. Kawu ya miƙe zaune sosai. Da maroƙi ya ambaci abokin ango, Malam Iro ya buga cinya ya ce, "Ji munafuki, har yau ban manta ba, hulata ya karɓe ranar." Suka yi ta dariya. Can sai wata guɗa ta tashi, doguwa, ta fi sauran tsayi. Kawu ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit.

Ya ce, "Iya ce wannan."

Kakata ke nan, wadda ta rasu kafin a haife ni. Ban taɓa jin muryarta ba sai ranar. Kawu ya ce in mayar baya. Sau huɗu ina mayarwa. Ba wanda ya ce bes ya cushe.

Da baƙi suka tafi na je kicin na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe min." Ta miƙo min sauran naman ta ce, "Ci, Injiniya. Kai ka san ƙa'idar sauti, ni na san ta gidana."

Har yanzu ina nan da surutuna a kan sifika, kuma ina nan a kan bakana cewa katako ya fi roba. Sai dai yanzu duk gidan da aka kira ni haɗa kaya, igiyar awo tana zama a jaka tukuna. Kicin nake fara zuwa, in gaida matar gida, in ce, "Hajiya, wane soket ne mai wuta?" Sannan in yi shiru har ta kai ƙarshen maganarta.