Guguwa Ya Sayi Na'ura

A duk ofishinmu babu gwanin motsa jiki kamar Mataimakin Darakta. Bai taɓa hawa bene da ƙafa ba, amma ya san sunan kowace jijiya. Ranar da likita ya ce jininsa ya hau, lallai ya fara motsa jiki yana lura da bugun zuciyarsa, sai ya tara mu ya sanar da mu cewa fagen tseren keke ya yi sabon gwarzo. Kafin a tashi aiki ya raɗa wa kansa suna Guguwa.

Ya sayi keke, da hular kwano, da matsattsen wando wanda maiɗakinsa ta roƙe shi kada ya fita da shi da rana. Saura na'ura. Mai shago ya ajiye masa guda biyu: ɗaya ɗamara ce da ake ɗaurawa a ƙirji, tana aika bugun zuciya zuwa waya, ɗayar kuma ana maƙala ta a kan keke tana nuna gudu da nisa.

"Yallaɓai, tunda likita ne ya aiko ka, ta ƙirjin za ka ɗauka," in ji mai shago.

Guguwa ya gyara tsayuwa. "A ƙarƙashin riga? Wa zai gan ta? Malam, zuciyata ta jure taron kwamiti na shekara ashirin, ba ta bukatar mai gadi. Ba ni wadda jama'a za su shaida."

Ya ɗauki ta kan keke. Ita kuwa na'urar ba ta san girman manya ba. Ya zagaya unguwa yana haki, gumi har cikin takalmi, ta rubuta masa kilomita bakwai a awa. Wata tsohuwa mai ɗauke da kwandon wanki ta wuce shi, har da yi masa sannu.

Washegari ya mayar da ita. "Wannan ba ta da tarbiyya. Lambobinta na ƙananan ma'aikata ne."

Ya karɓi ɗamarar. Nan fa aka dace! Hawan farko ta nuna ɗari da saba'in da takwas. Ya shigo ofis da wayar a ɗage, yana bin mu tebur-tebur.

"Ku duba! Daga bakwai zuwa ɗari da saba'in da takwas cikin kwana biyu. Wannan shi ake kira shugabanci."

Muka yi tafi, don shi ke sa hannu a takardar hutu. Maiɗakinsa ce kaɗai ba ta tafa ba da ya kai mata labarin gida. Ta kalli lambar, ta kalli yadda leɓensa ya bushe, ta ɗauki makullin mota.

"Baban yara, taso mu je mu yi wa likita albishir."

Likita ya duba, ya cire tabarau, ya ce kada bugun ya sake wuce ɗari da ashirin. A kan keke kuwa, feda uku ke kai Guguwa can. Don haka aka yanke masa tafiyar ƙafa, sai jiki ya saba.

Bai yarda ya bar keken a gida ba. Kullum da safe yana fita cikin cikakkiyar shiga, hular kwano a ka, ɗamara a ƙirji, yana tura keken a hankali cikin ƙasaita. Jinin ya fara sauka, mun gode Allah. Sai dai har yau ba ya kai ƙarshen layi ba tare da wani mai tausayi ya tsayar da shi ya nuna masa rumfar mai faci ba.