Ruwan Girkawa a Bikin Zainab

Ko na tsufa tukuf, bikin Zainab, 'yar yayata, ba zai fita daga raina ba. Har yau in na tuna, ji nake kamar in mari kaina.

Lokacin ina aikin kula da wani tsoho mutumin Girka a unguwar Astoria, Baba Niko, wanda ya yi koyarwa kafin ƙafafu su ƙi. Kunnensa ya yi nauyi, amma bakin nan lafiya lau. Da zarar hadari ya haɗu, to na shiga uku, karatu za a fara. Wai Girkawan dā "huwetos" suke ce wa ruwan sama, daga "huwei", wato ana ruwa. In kuma mai ƙarfin nan ne kamar da bakin ƙwarya, sai su ce "omburos". Har da labarin wasu taurarin damina da Rumawa suka kasa gane sunansu, suka zaci daga "hus" ya fito. Ni kuwa ina can gaban tukunya ina "to Baba, to Baba" (rabi na ji, rabi ya bi tururi).

Ranar bikin, wadda za ta karɓe ni aiki ta bugo waya wai ba ta da lafiya. Ba yadda na iya, na turo Baba Niko a kekensa har ɗakin taron a unguwar Highbridge. Ruwa kuwa ake zabgawa. Dangin ango, mutanen Kumasi, suka shigo sharkaf, fuska a ɗaure, ankonsu ya manne a jiki. Yaya Rabi, uwar amarya, ta raɗa mini, "Kai ne kawunta, tashi ka sanyaya musu rai. Don Allah ka taƙaita."

Ina ma na taƙaita! Makirufo na shiga hannuna sai son burga ya hau kaina. Na ce ruwa rahama ne, ko Girkawan dā sun san haka. Na laluba kalmar a kaina, doguwar ta gudu, gajerar ta tsaya. "Hus suke ce masa," na ce, ina nuna amarya. "To hus muka kawo muku! Zainab hus ce, uwarta ma hus ce, kai, gidanmu kaf hus ne!" Aka kaure da tafi, har da guɗa.

Sai ga muryar Baba Niko da Turanci, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa: "Me ya sa kake ce wa yarinyar nan alade?"

Na durƙusa kusa da shi (makirufon na hannuna a kunne, don wauta ba ta zuwa ita kaɗai) na ce, "Baba, ruwa nake nufi."

"Ruwa huwetos ne! Hus alade! Alade!" Don kada wani ya rasa ganewa, har kukan aladen ya kwaikwaya.

Uwar ango ta miƙe ta gyara mayafi. "To madalla. Ashe abin da aka kawo mana ke nan." Ta nufi ƙofa, danginta na biye. Yaya Rabi ta bi su tana rantse-rantse. Allah ya sa Zainab, wadda ta yi dariya har kwalli ya zubo mata, ta ƙwace makirufon ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Kawu ko da Hausa ya yi magana sai an nemo mai fassara." Dattijuwar ta tsaya, ta kalle ni sama da ƙasa, ta yi tsaki, ta koma ta zauna.

Yaya Rabi ba ta sake amsa gaisuwata ba sai da azumi ya kama. Abin da ya fi ƙona mini rai, a masallacinmu har gobe in an fara yayyafi sai wani ya taɓo ni ya ce, "Malam, yau me ake zubowa?"

Na dai koyi darasi: in za ka ari ilimin mutum ka yi burga da shi, kada ka turo mai ilimin da hannunka ka ajiye shi a layin gaba.