Ranar da Jinka Ta Kife a Kaina

Ni fa na yi aji uku a firamare, saboda haka a Kiyako ba a ja da ni. Ran nan hadari ya haɗo, ga rumbuna cike da gero babu rufi. Samari suka kinkimo sabuwar jinka suna waƙa, ƙafafunsu na sauka tare. Na ce a bar wannan shirmen, ni zan ba da oda irin ta fareti. Na shige gaba ina "Lef! Rai!"

Nan take na dama suka yi hagu, na baya suka tattake na gaba, jinka ta kife a kaina kamar kaza a akurki.

Ina ciki na ji maƙwabcina Malam Sule yana cewa, "Ku ɗauko waƙarku, Baba ya shiga halwa." Suka ɗauko. Wallahi sai na ji ƙasa tana bugawa kamar mutum guda ne ke takawa, har ƙirjina ya bi sahu. Jinka ta tashi kamar faifai, ta hau rumbu kafin ɗigon farko.

Har yau in na fito daga masallaci, jikokina sai su jeru a bayana: "Kwamanda, hagu ko dama?"