Ɓauren Bakin Tasha

"Lafiya lau. Ya gajiyar hanya? Ko da yake wace gajiya, mutum ya kwana yana minshari kamar injin niƙa."

"Ina kwana dai, Tsoho. Ni ce mai minsharin, ko kai da ka hana kajin maƙwabta runtsawa?"

Mai Tuta ya kurɓi shayinsa. Sunan ya bi shi ne tun zamanin da yake ɗaga wa jirgin ƙasa tuta a tashar garin, kafin jirgin ya daina biyowa. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune a gidan, kuma babban ɗansa ya tasa shi gaba da magana ɗaya: ya tattara ya koma birni wurinsu, wai idonsa ya fara rauni. Shi kuwa ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba ya zuwa. Sai ga shi jiya da yamma, ba sanarwa ba komai, 'yar ɗan nasa ta sauka da jaka a kafaɗa. Yarinyar da ko kanti aka aike ta sai ta yi kukan ƙafa, ita ce yau ta riga rana tashi ta ɗaura takalmi. Abin bai kwanta masa ba ko kaɗan.

Ta zauna a kan bencin ƙofar ɗakinsa, ta ce, "Yau za ka zaga da ni. Ina so in ga ido..."

"Idon wa?"

"Idon ruwa, Tsoho. Wanda ke gindin dutse. Me ya yi zafi?"

"Ba abin da ya yi zafi. Sai me kuma?"

"Sai tsohuwar gada, da kogon nan da kake cika mana baki da shi, da tasharku."

"Wa ya aiko ki?"

"Son ka ne ya aiko ni. Laifi ne mace ta fita shan iska da angonta?"

"Son nawa bai tashi motsawa ba sai bana? Amarya, ni fa na girmi wayonki, na girmi na ubanki. Mene ne a jakar nan?"

"Kayan mata."

"Kayan mata ne ke ƙara kamar ƙarfe in kin ajiye?"

"Haƙoran da na sayo maka ne, tunda naka sun yi ritaya tare da kai."

Ya yi dariya ba da son ransa ba, ya laluba ƙarƙashin benci ya jawo takalminsa. Gaskiyar da bai taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, an jima duniya tana yi masa kamar an rataya mata farin labule. Na kusa yana ganinsa sama-sama, na nesa kuwa sai dai ya cika da sani. In yarinyar nan ta gano, ta kai rahoto, to shi da gidansa sai labari. Ya ƙudura a ransa yau ko tuntuɓe ba zai yi ba.

Suka bi ta bayan gari, shi a gaba, yana taku irin na mai gida. Ƙafarsa ta san kowane rami a hanyar. Da suka isa gindin dutsen, sanyin wurin ne ya fara gaya masa sun zo, sai kuma ƙarar ruwan da ke tsattsafowa daga tsagin dutse yana taruwa a ɗan kwari.

"Ga shi nan. Tun kakan kakana bai taɓa ƙafewa ba. Sha ki ji, ko Allah zai sa ya wanke miki baki."

"Shi ke nan idon? Ɗan wannan? Ai na zaci tafki ne, yadda kake ba da labari."

"Ƙarami ne, amma yana aikinsa. Ba kowane tsohon ido ne ya lalace ba."

"Ni ban ce komai ba."

"Na ji abin da ba ki ce ba."

Ta duƙa ta sha, ta ce da daɗi, ta kuma ce ai da ya riƙa wanka da shi da bai yi wannan yamutsewar ba. Ya ce yamutsewar tasa ce ta sa ta baro samarin birni ta biyo shi. Daga nan suka gangara wajen gada, tsohuwar gada ta dutse mai baka uku, wadda ciyawa ta fito ta tsakanin duwatsunta. Suna dosowa ta ja ta tsaya.

"Tsoho, wancan da ke tsaye a kan gada, akuya ce ko kare?"

To, an zo wurin. Ya ɗaga kai, bai ga komai ba sai wani duhu-duhu mai motsi. Amma bai bari fuskarsa ta nuna ba.

"Ke da kika ƙare makaranta ba ki san akuya da kare ba? A mayar wa ubanki wahalarsa."

"Ni dai na tambaye ka."

"Ina duba ne ko cikin dangin saurayinki ne, kada in yi saɓo."

Allah ya taimake shi, dabbar ta buɗe baki ta yi kuka.

"Akuya ce," ya ce. "Ga ta nan tana gaishe ki, ta gane 'yar'uwa."

"Sai da ta yi magana ka sani."

"Ladabi ne. Ba a riga baƙo gabatar da kansa."

Ta yi dariya, amma ya ji dariyar ba ta kai ciki ba. Kogon ma da suka hau, bai ji daɗinsa ba. Ya nuna mata baƙin hayaƙin da ke rufin, na mutanen da suka ɓuya a ciki zamanin yaƙe-yaƙe, ya kama hannunta ya ɗora a kan ramukan da suka riƙa niƙa hatsi. Ita kuwa ba ramukan take kallo ba. Duk inda ya juya yana jin idonta a ƙeyarsa, kuma sau biyu ya ji hannunta ya zo kusa da gwiwar hannunsa ya koma. Haushi ya kama shi, tsoro kuma ya fi haushin yawa. A wurin saukowa ne dabara ta faɗo masa.

Tashar tana nan yadda ya bar ta, sai dai ba rai: ɗakin jira ba ƙofa, dogo ya yi tsatsa, ƙadangaru sun gaje dandamali. Ya tsaya daidai inda ya saba tsayawa da tutarsa, ya miƙa hannu wajen ƙarshen dandamalin.

"Kin ga ɓauren can? Ya girmi tashar nan. A inuwarsa na fara ganin kishiyarki, kakarki, ta zo rakiya. Dubi yadda ya baje, ko reshe ɗaya bai rage ba."

Ya ji ta haɗiye yawu.

"Kin gan shi ko?"

"Na... na gan shi, Kaka."

Kaka. Rabon da ta kira shi haka tun tana koyon magana.

"'Ya'yan fa? Sun nuna?"

"Sun fara," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Je ki tsinko min biyu."

Ba ta motsa ba. Sai ya tuntsire da dariya, har da dafa gwiwa, ƙadangaru suka watse.

"Maƙaryaciya. Ɓauren da iska ta kayar tun daminar bara? Bencin da kika zauna a kai da safe kina zagina, daga jikinsa kafinta ya yi min shi."

"Tsoho, wallahi kai mugu ne."

"Ni ne mugu, ko wadda ta ga 'ya'ya a bishiyar da babu? Ashe ke ya kamata a kai asibiti. Faɗi gaskiya, ubanki ne ya turo ki leƙen asiri."

"Shi ne," ta ce, tana goge ido da bayan hannu. "Ya ce in zaga da kai in ga yadda kake gani. In abin ya yi nisa, ya zo da mota ƙarshen wata."

"To da kika ga ina nuna iska, me ya hana ki ce babu?"

"Ban iya ba."

Ya daina dariya. Ya shirya wa ɗan leƙen asiri tarko, sai ya kama wadda ta zaɓi ta yi ƙarya don ta rufa masa asiri. Tausayinta ya kama shi, da kunya kuma. Ya zauna a bakin dandamali, ya buga gefensa da tafin hannu, ta zo ta zauna.

"Amarya, akuyar nan ban gan ta ba. Fuskarki ma kamar ta bayan labule nake ganinta, wanda ni a wurina sauƙi ne Allah ya kawo."

"Ka ji shi kuma."

"Amma a garin nan ƙafata tana gani, kunnena yana gani. Na san inda kowane dutse yake kwana. Ku kai ni can, a ranar zan makance. Ko banɗaki sai an ja ni."

"Yanar ido ce kawai ta rufe maka gani. Likita zai cire ta, ka kwana biyu ka dawo."

"A je a dawo. Haka aka ce wa abokina mai gyaran keke. Yana can bene na uku yana gadin talabijin."

"Ni zan kai ka, ni zan dawo da kai. Kana tsammanin zan bar mijina a birni, zawarawa su ƙwace min?"

"Rantse."

Kafin ta rantse wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta ce Baba ne. Mai Tuta ya matso kusa. Ya kasa kunne, yana jin muryar ɗansa siririya daga cikin wayar tana tambaya.

"E, Baba, mun zaga ko'ina," ta ce. "Idonsa? Ai har abin da babu yana gani. Ni ce ma na faɗi jarrabawar." Ta saurara. "A'a, akwai yana, ba zan ɓoye maka ba. Zan kawo shi a cire. Amma maganar mota da kwasar kaya a bar ta. Mutumin da ya hau dutse ya sauko yana jirana ina haki, ina za ka kai shi ka ajiye? A'a, Baba. Ni na gani, ai ni ka aiko."

Ta kashe wayar. Mai Tuta ya gyara murya.

"Saura jaka," ya ce. "Ban yarda da ita ba har yanzu."

Ta zuge ta, ta fito da wani abu ta warware shi, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sanda ce ta ƙarfe mai naɗewa.

"Baba ya ce in ba ka, in na ga kana laluben hanya."

"Mayar masa. Shi da ke hawa mota zuwa masallacin ƙofar gida, shi ya fi buƙata."

"Tsaya tukuna, sarkin gardama."

Ta ciro hankicinta ta ƙulla a kan sandar, ta danƙa masa. Ya kawo shi dab da fuskarsa ya duba: kore ne. Hannunsa ya tuna abin da ya saba kafin shi ya tuna. Ya miƙe, ya gyara tsayuwa a bakin dandamali, ya fuskanci inda dogo ya ɓace cikin ciyawa, ya ɗaga tutar sama.

"Me kake yi?" ta tambaya, tana dariya.

"Ina sallamar jirgin birni," in ji Mai Tuta. "Ya wuce abinsa, ba fasinja a tashar nan."

"Na sallama, ango. Ka ci."

"Na sani. Kawo hannunki mu tafi gida, kada ki yi karo da ɓauren."