Hoton Taro a Tunatau

A wani gari wai shi Tunatau, wanda ke can cikin kan wata tsohuwa, Inna Hajjo, akwai hanya ɗaya tal da ta miƙe daga Taskar Sunaye zuwa Ƙofar Baki. Masu riƙe da ita don kada ta rufta, likitoci furotin suke ce musu. Ni dai, a yi mini afuwa, ma'aikata zan kira su.

Wata rana ɗayansu ya gaji, ya lanƙwashe ya zauna a tsakiyar hanya. Na biyu ya zo jin ba'asi, shi ma ya zauna. Kafin shekara sun zama dunƙule guda, suka sa wa kansu suna Kwamitin Buɗe Hanya.

Ran nan Uwani, jikar Inna Hajjo, ta kai ta asibiti. Tsohuwa ta dube ta, ta aika Taska a kawo sunan yarinyar. Ɗanlami masinja ya saka sunan a jaka ya zabura, sai ya yi karo da Kwamiti.

"Ranka ya daɗe, a ɗan matsa mini. Sunan jika na ɗauko."

"Kai wane irin mai gaggawa ne?" in ji shugaba, Alhaji Sai-Gobe. "Maganar hanyar nan fa muke tattaunawa."

"A kanta kuke zaune, Alhaji."

"To, a ina kake so mu tattauna ta?"

Suna cikin haka haske ya ratso garin daga sama. Likita ce ta kunna sabuwar na'urar da ke hango inda ma'aikata suka cure.

"Hoto ake ɗauka!" wani ya yi ihu.

Alhaji ya gyara hula. "A matso, a matso! Na baya su ɗaga kai!"

'Yan tsirarun da suka rage a bakin aiki suka saki hanya, suka ruga don kada a yi babu su. Har Ɗanlami aka janyo, aka durƙusar da shi a gaba.

A waje, likita ta kira abokan aikinta. "Ku zo ku gani, ban taɓa samun hoton da ya fito tar haka ba."

Uwani ta kama hannun kakarta. "Inna, an gama. Mu tafi gida."

Inna Hajjo ta buɗe baki, sunan bai iso ba. Sannan ta yi murmushi irin na karɓar baƙo.

"Allah ya yi miki albarka, yarinya. 'Yar gidan wa ce ke?"

A Tunatau kuwa, Kwamiti ya nemi a sake ɗauka, domin Alhaji ya ƙifta ido.